Gurbi Na Talatin da Uku

Yayata ta shekara goma sha tara tana liƙa waya da dalma a kan benci ɗaya, kusa da taga, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa dawo da aikinta ba sai a watan da na zama sanadi. Ita ce ma ta kai ni wurin. Da na gama karatu ina zaman kashe wando a gida, ta tasa ni gaba har ofishin Oga ta ce, "Ga autanmu, kwamfuta ya karanta. Ba shi da surutu, sai dai taurin kai." Oga ya ce in dai jininta ne, ba sai an gwada ni ba.

Ma'aikatar tamu ɗaki biyu ce da baranda. A babban ɗakin mata uku ne ke zaune a benci, kowace da ƙarfen dalmarta da fitilarta, ga fanka a sama tana kuka tana juya hayaƙi ba ta fitar da shi ba. Ni kuwa an yanka mini lungu da katako a ƙaramin ɗakin, kusa da babbar kwamfutar da kowa ke kira Uwa. Abin da muke ƙerawa 'yar na'ura ce kamar sabulun wanka, ana maƙala ta a firjin ajiye magani. Duk bayan minti goma sai ta auna sanyi ta aiko wa Uwa. In firji ya fara ɗumi, Uwa ta buga wa mai shagon maganin waya kafin magani ya lalace.

Don kada wani ɗan iska ya riƙa aiko da saƙon ƙarya, kowace na'ura sai ta sa hannu a saƙonta. Ranar da aka fara kunna ta a inda za ta zauna, takan ƙirƙira wa kanta mabuɗi biyu. Na sirri yana nan cikinta har ta mutu, da shi take sa hannu. Na fili kuma ta aiko wa Uwa a saƙon farko, don Uwa ta riƙa gane hannunta da shi. Shi wannan na filin ɗigo ne a kan wani lanƙwasasshen layi na lissafi, kuma kamar kowane ɗigo a takarda, lamba biyu ke nuna inda yake, ta kwance da ta tsaye. Kowace lamba tana cin gurbi talatin da biyu in an rubuta ta a cikin saƙo. Saƙonmu na farko kuwa gurbi arba'in ne kacal, ko kuka za ka yi ba a ƙara maka.

Dabarar ba ni na ƙago ta ba, duk masu wannan aiki sun san ta. Ta kwance kaɗai ake aikawa, Uwa ta lissafo ta tsaye da kanta. Sai dai lissafin amsa biyu yake bayarwa, ɗaya cika, wato mai rabuwa biyu daidai, ɗaya kuma mara, mai barin saura. Shi ya sa ake ƙara gurbi ɗaya a gaba. In an rubuta biyu a ciki, cika ce. In uku ce, mara. Talatin da uku ke nan. Haka tsohon injiniyan da na gada ya tsara, sauran gurbi bakwai kuma na lambar na'ura ne da kwanan wata.

Tsohon ya bar mana wani gado kuma. A saman teburin gwaji akwai wani kati manne da bango, salatif ɗin har ya yi ja don tsufa, an rubuta mabuɗi guda a kai. Duk na'urar da za a gwada a ma'aikata, da shi take gwaji, don kada kowace ta ƙirƙiri nata su cika wa Uwa rajista da tarkace. Mabuɗin bango muke ce masa. Babu wanda ya taɓa tambayar dalili, ni ma ban tambaya ba. Shekara biyu ina kallon saƙon gwaji a allona, kullum da biyu yake farawa.

Sai wani kamfanin rarraba magani ya ba mu aikin na'ura ɗari huɗu, ya ce yana so saƙon farko ya faɗi ko wane irin firji ne. Gurbi ɗaya ake bukata. Oga ya leƙo lunguna ya ce, "Nemo mana." Na dubi saƙon sama da ƙasa, idona ya tsaya a kan wannan biyun da ba ta taɓa canzawa ba. Na san aikinta, an koya mini a aji, har na ci jarrabawa a kai. Amma abin da ido ya shekara biyu yana gani ya fi ƙarfin abin da aka karanta sau ɗaya. Na ce wa kaina ai tsarinmu cika kaɗai yake haifarwa, tsohon ne dai mai son ɓarnar wuri. Na cire ta, na ce wa Uwa ta riƙa ɗaukar cika kullum. Muka gwada ɗari huɗun nan ɗaya bayan ɗaya da mabuɗin bango, babu wadda ta yi gardama. Oga ya dafa kafaɗata a gaban kowa ya ce kaina na ja. Yaya ta ɗago daga benci tana murmushi, ta ce, "Kada ku fasa masa kai, da ma ƙofa da kyar take ɗaukarsa."

Mako guda da raba na'urorin, ɗari biyu da bakwai suna magana, ɗari da casa'in da uku sun yi tsit. Aka kwaso su cikin kwalaye aka jibge a baranda. Oga ya tara mu a tsaye.

"Ni ban yi karatun kwamfuta ba," in ji shi, "amma na san abu ɗaya. Rubutu iri ɗaya ne a cikinsu duka. Da rubutun ne ya lalace, tare za su mutu. Abin da ya kama wasu ya bar wasu, aikin hannu ne. Ko ba haka ba, injiniya?"

Na ce haka ne. A lokacin na yarda da abin da na faɗa, kuma ba zan ɓoye ba, sanyi na ji a raina da maganar ta wuce ta kaina.

Ɓangaren da ke aika saƙo, mai ƙafafu sirara kamar gashi, mutum ɗaya ke liƙa shi a duk ma'aikatar, don ita ce mai hannun. Oga ya ɗauki gilashin ƙara girma ya buɗe na'ura biyar. Wanda ya shiga neman aibi da gilashi ba ya fitowa hannu banza. Ya ga wani liƙi da bai yi sheƙi ba, ya ga wani da dalma ta ɗan yi yawa. Ya ajiye gilashin a hankali, ya sassauta murya, wadda da zagi ya yi da ya fi sauƙi.

"Yaya, yaushe rabonki da gwajin ido?"

"Idona lafiya lau," ta ce. "Kawo in gani."

Ta duba na'urar ta daɗe, ta juya ta, ta sake dubawa. Ba ta ga komai ba, kuma rashin ganin nan shi ya fara tsorata ta. Washegari ta je asibitin ido. Wace mace ce mai shekara arba'in da shida za ta je a gwada ta a ce ba ta bukatar gilashin karatu? Aka ba ta. Ta dawo da shi a jaka, ta nuna wa Oga da hannunta, don ita ba ta iya ɓoye-ɓoye ba. Oga ya ce ta je ta huta. Bai ce kora ba, bai kuma ce ga ranar dawowa ba. Ta naɗe ƙarfen dalmarta a tsumma, ta goge bencin kamar yadda take yi kullum, ta yi wa abokan zamanta biyu sallama. Kafin mako ya fita an kawo wata a kujerarta, muka sa mata suna Sabuwa. Ba ruwanta, baiwar Allah, aiki aka ba ta, wato ta bi na'urorin nan ta sake liƙa su.

Kwana huɗu da tafiyar Yaya na gano. Uwa tana da wani kwando inda take zubar da saƙon da ba ta yarda da sa hannunsa ba, ni kaɗai ke leƙa shi, shi ma sai na ga dama. Ranar wani abu daban nake nema. Na buɗe, sai ga shi cike maƙil. Lambobin na'urorin da ke baranda ne, waɗanda ake ta kunnawa a benci ana jiran su yi magana. Ashe magana suke yi tun ranar farko, Uwa ce ke cewa ba ta san su ba. Na fita na ɗauko ɗaya daga kwali, na jona mata waya na karanto gurbin farko na mabuɗinta. Uku. Na ɗauko wata, uku. Na karanta goma, duk uku. Kowace da ta ƙirƙiri nata mabuɗin, sa'a ce ta raba su, rabi cika rabi mara. Waɗanda suka faɗa mara, Uwa ta lissafo musu ɗigon da ba nasu ba, ta ƙi su. Liƙin Yaya ko ɗaya bai saki ba.

Daga lunguna zuwa ofishin Oga taku goma sha biyu ne. Na tashi har sau biyu na koma na zauna. Na tuna dafa kafaɗar nan. Na tuna ni ne na ce haka ne a gaban kowa. Na tuna Oga ya riga ya rubuta wa kamfanin maganin cewa matsalar haɗi ce, an kuma ɗauki mataki. Na ce bari in fara gyarawa, in na zo da laifi da maganinsa tare, faɗan zai zo da sauƙi. Gyaran layi huɗu ne. Uwa ta gwada cika, in sa hannu bai yi daidai ba ta gwada mara. Kafin shayina ya huce na gama rubutawa.

Amma ban saka shi ranar ba, kuma nan ne ba ni da abin cewa. Na riƙe shi kwana biyu, har Sabuwa ta gama kwalin farko na na'ura hamsin. Da safen da za a kunna su, na riga kowa zuwa na saka gyaran. Ba kuskure ba ne wannan, na san abin da nake yi. So nake abin ya warke ba tare da an tambayi me ya warkar da shi ba.

Aka jera hamsin ɗin a benci aka kunna. Kafin minti goma duk sun bayyana a allo, kore shar. Oga ya yi dariya har da tafi, ya aika a sayo lemo. Sabuwa ta rufe fuska don kunya. Abokan zaman Yaya biyu suka dubi allon, suka dubi juna, babbar cikinsu ta ce a hankali, "Allah sarki, ashe dai idon ne." Na sha lemona har ƙasa.

Kwana tara na yi da abin a cikina. Ina zuwa aiki, ina gaisawa da mutane, matata tana tambaya ko zazzaɓi nake ji. Kwandon Uwa kuwa duk bayan kwana bakwai yake share kansa, ni na tsara shi haka don tsimin wuri, kuma ina sane da ranar da ya share. Sabuwa ta bi sauran kwalayen kaf, aka mayar da na'urorin shaguna, kowace tana magana.

Ranar hutu na je gidan Yaya da rana. Mijinta direba ne, ya yi tafiya. Na same ta a tsakar gida tana ninke wanki, gilashin yana rataye a wuyanta da zare. Muna cikin gaisawa sai ga maƙwabciyarta da rediyo a hannu, ta ce waya ce ta tsinke a ciki. Duk layin nan Yaya ce mai gyara musu irin wannan, ba ta taɓa karɓar ko sisi ba.

"Kai wa mai gyara a bakin titi," Yaya ta ce. "Kada in ƙarasa miki shi."

"Haba, ke fa?"

"Ni ɗin. An daina."

Ta faɗa tana murmushi, ta ci gaba da ninki. Matar da ta koya mini riƙe ƙarfen dalma ina ɗan shekara tara, wadda take iya liƙa ƙafa ashirin ba ta ɗaga kai ba. Na ji na tsani kaina, tsana sosai, irin wadda ban taɓa yi wa wani ba.

Washegari na shiga ofishin Oga na rufe ƙofa, na faɗa masa komai daga farko, katin bango, gurbin da na cire, layi huɗun, har da safiyar da na zaɓa. Ya saurara yana wasa da biro.

"Nuna min saƙonnin da ka ce sun shigo."

"Sun goge, ranka ya daɗe."

"Sun goge."

"Amma zan iya cire gyaran yanzu, ka ga rabinsu sun sake yin shiru."

"Ka kashe na'ura kusan ɗari biyu a firjin maganin mutane don ka wanke yayarka?"

"To a kawo ɗaya nan benci, in nuna maka a kanta."

Ya ajiye biron. "Kai ke riƙe da Uwa. In ka ga dama ka sa kowace na'ura ta yi shiru, ka sa ta yi waƙa ma. Me wannan zai nuna min? Ni abin da idona ya gani, an sake liƙi, sun tashi." Sannan ya ƙara da cewa, "Ban ga laifinka ba. Ko ni ne, ƙila haka zan yi wa tawa yayar. Amma kada in sake jin maganar nan, balle ta fita waje. Ka san abin da za a ce in aka ji rubutun tsaronmu ne ya samu matsala?"

Har yau ban sani ba ko bai yarda ba ne, ko ya yarda ya ga rashin yardar ya fi masa. Da na fito na tsaya a bencin matan na faɗa wa babbar cikinsu a gajarce. Ta dube ni da tausayi ta ce, "Allah ya bar zumunci. Kowa ya samu ƙani irinka ya gode." Ta mayar da kanta kan aiki.

Saura mutum ɗaya. Da aka tashi ban biya gida ba, na wuce wurinta da takarda da biro. Tana zaune a bakin ƙofar ɗaki, ta jawo mini kujera. Na zana mata lanƙwasasshen layin, na ɗiga ɗigo biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Na ce ga cika, ga mara, ga gurbin da ke faɗa wa Uwa wanne ne. Na ce ni na cire shi. Ta sa gilashinta ta bi zanen da yatsa, ta yi tambaya biyu masu kyau, irin waɗanda Oga bai iya yi ba. Ta tambayi me ya sa gwaji bai kama ba, na ce katin bango. Ta gyaɗa kai. Na ce liƙinta bai taɓa saki ba, ko ɗaya. Na faɗa mata kwana taran, da safiyar da na riga kowa zuwa. Ban rage komai ba. Na gama na sunkuyar da kai ina jiran abin da ya dace da ni. So nake ta zage ni, ta kore ni, ta ce kada in sake taka mata gida.

Ta cire gilashin ta goge shi da bakin zani.

"Kwana nawa ka yi kana haɗa wannan?"

"Yaya, ba haɗawa na yi ba."

"Ya yi kyau kuwa. Har na kusa yarda." Ta yi 'yar dariya, idonta ya kawo ruwa. "Auta, an gaya min komai. Hamsin aka jera, yarinyar nan ta taɓa su, hamsin suka tashi a gaban idon kowa. Ni kuma ga takardar likita a ɗaki. Shekara nawa nake ganin allura tana min wasa ina cewa hayaƙi ne?"

"Gilashin karatu ne kawai. Kowa a shekarunki..."

"Ka san abin da ke hana ni barci? Ba aikin ba. Ina tunanin waɗanda na yi bara da bara waccan, ko akwai wadda ta mutu a wani firji ba a sani ba, wani ya sha lalataccen magani saboda ni. Gara da aka gane."

"Wallahi ni ne. In rantse miki da me?"

"Kada ka rantse a kan ƙarya saboda ni, ba na so." Ta ninke takardar zanen gida huɗu ta sa mini a aljihun riga da hannunta. "Kuma ka ji ni da kyau. Kada ka sake kai wa Oga wannan zance. Wata rana zai ɗauka da gaske ya sallame ka, ga matarka ga haya. Mutum ɗaya da ya rasa aiki ya isa a gidanmu. Allah ya yi maka albarka, na ga abin da kake nufi, na kuma gode."

Duk hujjar da zan iya kawo mata, ni da kaina na bi na share ta.

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da cajar wayarta, bakin ya tsinke, jar waya da baƙa suna leƙe.

"Tun shekaranjiya nake aron ta maƙwabta," ta ce. "In ka je gobe ka ba yarinyar nan ta liƙa min. An ce hannunta yana da kyau."

Na miƙa hannu na karɓa.